Baƙi Ɗaya, Wasali Daban: Inda Sikizofireniya Ta Haɗu Da Sankarar Yara

Uwa tana yi wa ɗanta ɗan shekara uku wanka, ta zo cuɗa masa ciki sai ta ji wani abu mai tauri a gefe guda, ƙarƙashin haƙarƙari, kamar an ɓoye ɗanyen mangwaro. Yaron ba ya kuka, yana cin abincinsa, yana wasansa. Sau da yawa haka sankarar ƙodar yara take bayyana, wadda ake kira da sunan Max Wilms, likitan fiɗa ɗan Jamus da ya yi bayaninta a 1899. Hannun uwa ne ke riga na likita gano ta. A wani gidan kuma saurayi ne ɗan shekara 19 ya daina fita majalisa, ya kulle kansa a ɗaki, ya ce da shi ake a rediyo, yana jin muryoyi suna zaginsa alhali ba kowa a wurin. A gida a ce iska ce, ko sammu aka yi masa. A asibiti a ce sikizofireniya.

Likitan da zai duba yaron da wanda zai duba saurayin ba su cika haɗuwa ba, ko a taro. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ke fama da sikizofireniya, wato kusan ɗaya cikin 300, kuma yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da sankara kowace shekara. Ɗaya ciwon tunani ne da ke fitowa bayan balaga, ɗayan ƙari ne da ke tsirowa tun ana goyo. Amma cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan, masu bin sawun ƙwayoyin gado daga ɓangarorin biyu sun yi ta tarar da juna a bakin ƙofa ɗaya.

Tsohon zance ne cewa akwai wata alaƙa tsakanin tabin hankali da sankara. Tun 1909 hukumar da ke kula da gidajen masu tabin hankali a Ingila da Wales ta lura kamar sankara ba ta cika kama majinyatanta ba, aka yi ta ja-in-ja a kai kusan ƙarni guda. Ni dai ba na ba wannan zance nauyi sosai. Masu sikizofireniya kan rasu da wuri, shekara 15 zuwa 20 kafin sa'o'insu, ba a kuma cika bincika jikinsu yadda ya kamata ba, don haka sankarar da ke jiran tsufa ba ta tarar da su, ko ta kashe su ba a gane ba. A wajen mata ma, an ga sankarar mama ta ɗan fi yawa a cikinsu. Duk wannan kuma magana ce ta sankarar manya. Ta yara wani abu ne daban, kuma a nan ne haɗuwar take da ma'ana.

Abin da ya fara haɗa su shi ne lokaci. A 1993 Mel Greaves da abokan aikinsa a Landan suka binciki tagwaye jarirai masu kama ɗaya da suka kamu da sankarar jini su biyun. Suka tarar da karaya iri ɗaya sak a DNA, wato kundin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, a gurbi ɗaya, a jinin kowannensu, kuma ba gadonta suka yi daga iyaye ba. Ma'ana a cikin ɗayansu ta faru tun suna ciki, ta bi jini ta mabiyiyar da suke tarayya ta shiga ɗan'uwansa. A 1997 suka ƙara tabbatar da hakan ta wata hanya mai ban sha'awa. A can akan soki diddigen jariri kwanaki kaɗan bayan haihuwa, a ɗiga jinin a kan kati, a adana. Suka je suka zaƙulo katunan yaran da daga baya suka kamu da ciwon, suka tarar alamar tana nan cikin busasshen ɗigon jinin. An haife su da ita.

A ɗaya ɓangaren, a 1987 Daniel Weinberger a Amurka, da Robin Murray da Shôn Lewis a Landan, suka kawo ra'ayin cewa sikizofireniya tana da tushe tun lokacin da ake gina ƙwaƙwalwa a ciki, sai dai ba ta nuna kanta sai ƙwaƙwalwar ta kai matakin da ake buƙatar sashen da ya samu tangarɗa. Yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin mamayar Jamus, ta ba da shaida mai ɗaci: waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar, haɗarin ciwon ya kusa ninkawa a kansu bayan sun girma. An sake ganin haka a yaran yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. Ashe ciwukan biyu duk na lokacin gini ne. Ɗaya katangar ke faɗuwa tun magini bai sauka ba, ɗayan kuma tsagewar tana ɓoye ƙarƙashin yaɓe sai an ɗora wa ɗakin nauyi.

To mene ne ke lalacewa a ginin? Sankarar babba tari ce ta ɓarnar shekaru: hayaƙin taba, zafin rana, kurakuran kwafi da ke taruwa har dubbai. Yaro bai daɗe a duniya ba balle ya tara wannan. A 2018 masu bincike a Heidelberg suka duba ƙari 961 na yara da matasa, iri 24, suka ga kurakuran DNA ɗinsu sun gaza na manya har sau 14. Wani binciken na asibitin St. Jude da ke Memphis, a shekarar, ya nuna ƙasa da rabin ƙwayoyin gadon da ke tuƙa sankarar yara ne ake samu a jerin na manya. Kurakuran kaɗan ne, amma da yawansu sun faɗa kan rukuni ɗaya: ma'aikatan da ke tsara yadda za a karanta DNA.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan da sauri. A rubutun ajami, baƙi uku na iya zama kalmomi da yawa, wasali ne ke raba gardama. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum, ta ƙoda ce ko ta ƙwaƙwalwa ko ta ɓargo, kundi ɗaya take ɗauke da shi, baƙaƙe iri ɗaya, zaren DNA mai tsawon kusan mita biyu, a naɗe jikin wasu dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Abin da ya sa ƙwayar ƙoda ta zama ƙoda shi ne alamomin da ake ɗorawa a kan histon ɗin: wannan shafi a buɗe a karanta, wancan a naɗe a ajiye. Akwai masu sa wasalin, akwai masu goge shi, akwai masu matsar da mazarin don zare ya warware. A jikin ɗan tayi waɗannan ma'aikata ne ke gaya wa ƙwaya mai ƙuruciya: ya isa haka, daina rabuwa, zama abin da aka nufe ki da shi.

Ɗaya daga cikin masu sa wasalin sunansa SETD1A. Aikinsa ɗora wata 'yar alama a gurbi na huɗu na histon H3, alamar da ke nufin “a karanta nan”. A 2015 wani babban nazari ya nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke da hannu a wannan alama sun fi fitowa a jerin masu alaƙa da sikizofireniya da danginta. A 2016 Tarjinder Singh da abokan aikinsa a cibiyar Sanger ta Ingila suka kama SETD1A dumu-dumu: mutumin da ɗaya daga kwafinsa biyu na SETD1A, na uwa da na uba, ya daina aiki, haɗarin ciwon ya ninka masa sau da yawa. A 2022 gamayyar masu bincike ta SCHEMA, da ta gwada majinyata 24,248 da masu lafiya 97,322, ta fitar da ƙwayoyin gado goma da lalacewarsu ke ninka haɗarin daga sau 3 har zuwa sau 50. SETD1A ne a sahun gaba.

Shi SETD1A ɗan gida ne. Danginsa shida, ana ce musu KMT2, kuma babban wansu, KMT2A, sananne ne a ɗakin masu sankarar jini tun farkon shekarun 1990, lokacin da ɗakin binciken Janet Rowley a Chicago ya gano shi a kuromozom na 11, ɗaya daga ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya. Kusan uku cikin huɗu na jariran da ke kamuwa da wani nau'in sankarar jini da ake kira ALL kafin su shekara, KMT2A ɗinsu ne ya karye ya manne da wata ƙwayar gado daban. Ita ce karayar da Greaves ya gani a jinin tagwayen nan. Wasu 'yan gidan biyu, KMT2C da KMT2D, an same su a lalace a 2011 cikin wani kaso na medulloblastoma, sankarar ƙwaƙwalwa da ta fi yawa a yara. Sai dai a lura, lalacewar ba iri ɗaya ba ce. A sikizofireniya mai sa wasali ne ya ragu, aiki ya yi rauni. A sankarar jinin jarirai kuwa, an datse wa KMT2A hannun da yake rubutu da shi, an liƙa masa na wani, sai ya tsaya a kan shafukan ƙuruciya irin su HOXA9 da MEIS1 ya hana a rufe su. Ƙwayar jinin ta ƙi girma, ta yi ta haihuwar irinta.

Wurin da haɗuwar ta fi ba ni mamaki shi ne kuromozom na 22. Akwai wani yanki a doguwar ƙafarsa, 22q11.2, wanda ke yawan ɓallewa a lokacin da ake samar da ƙwai ko maniyyi, saboda DNA ɗin wurin yana da sassa masu kama da juna da ke rikita masu kwafi. Kimanin jariri ɗaya cikin 4,000 ake haifa ba shi da wannan yanki a kwafi ɗaya: baƙi kusan miliyan uku, ƙwayoyin gado sama da 40. Angelo DiGeorge, likitan yara a Philadelphia, shi ya fara bayyana ciwon a shekarun 1960, da alamun matsalar zuciya, ƙarancin sinadarin kalsiyam da raunin garkuwar jiki. Da yaran suka fara rayuwa har su girma, saboda ci gaban tiyatar zuciya, sai wani abu ya fito: kusan ɗaya cikin huɗu yana kamuwa da sikizofireniya. Kaɗan ne abubuwan gado da aka sani masu ƙarfin wannan.

A cikin yankin da ke ɓallewa akwai DGCR8. Ita da abokin aikinta DROSHA su ne almakashin da ke yanka wasu gajerun saƙonni da ake kira maikuro-RNA, waɗanda aikinsu rage muryar wasu ƙwayoyin gado idan lokacinsu ya wuce. A 2008 Maria Karayiorgou da Joseph Gogos na Jami'ar Columbia suka nuna cewa ɓeran da aka cire wa kwafi ɗaya na DGCR8, waɗannan saƙonni sun ragu a ƙwaƙwalwarsa, rassan jijiyoyinsa sun canza, riƙe abu a kansa na ɗan lokaci ya yi rauni. Shekaru shida zuwa bakwai bayan haka, a 2014 da 2015, masu binciken sankarar ƙodar yara a Brazil, Jamus da Amurka, waɗanda ba ruwansu da tabin hankali, suka tarar da DROSHA da DGCR8 a lalace cikin wani kaso na ƙarin Wilms. A DGCR8 kusan kullum gurbi ɗaya ne, na 518, kuma galibi kwafin lafiyayyen ma ya ɓace daga ƙarin. Almakashin ya dakushe gaba ɗaya, ƙwayoyin ƙodar ɗan tayi suka rasa mai ce musu su tsaya. Shi ya sa idan aka yanka ƙarin Wilms aka duba a madubin likita, abin da ake gani ya yi kama da ƙodar ɗan tayi da ta tsaya a rabin hanya. Wannan ne mangwaron da uwar nan ta taɓa.

Idan aka ɗan ƙara gaba a kan kuromozom ɗin, bayan iyakar yankin da ya saba ɓallewa, sai a iske SMARCB1. A 1998 ɗakin binciken Olivier Delattre a cibiyar Curie ta Paris ya gano cewa rasa kwafinta biyu shi ke haddasa ƙarin rhabdoid, muguwar sankara da ke kama ƙoda ko ƙwaƙwalwar yara, galibi 'yan ƙasa da shekara uku. Sau da yawa ba a samun wata lalacewa ta kirki a ƙarin sai ita kaɗai. SMARCB1 ɓangare ce ta injin BAF, mai matsar da mazari. Gerald Crabtree na Stanford ya nuna cewa daidai lokacin da ƙwayar ƙwaƙwalwa za ta daina rabuwa ta zama cikakkiyar jijiya, injin BAF yana sauya wasu sassansa, kuma a 2009 suka gano maikuro-RNA ne ke ba da umarnin sauyin. Ka ga almakashi da mazari sun haɗu a aiki ɗaya. A yi adalci dai: shaidar da ke ɗaure BAF da sikizofireniya kai tsaye ba ta kai ta DGCR8 ko SETD1A ba. Ya fi fitowa a ciwon galahanga da jinkirin fahimta.

Me ya sa kayan aiki ɗaya zai haifar da ƙari a wannan, muryoyi a wancan? Amsar farko tana wajen Alfred Knudson. A 1971 ya yi lissafi da bayanan yara 48 masu sankarar ido, wadda ke sa ƙwayar idon yaro ta yi fari tana ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ya ce bugu biyu ake bukata: kwafin uwa da na uba duk su lalace a ƙwaya ɗaya. Ƙwaya ɗaya tak ta isa, domin za ta hayayyafa. Sikizofireniya lissafinta ya juya. A masu irin wannan lalacewar, kwafi ɗaya ne ya lalace, amma a kowace ƙwaya, cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa biliyan 86. Ba wadda ta haukace, kowace dai tana aiki da rabin ƙarfi, kamar kasuwar da kowane ɗan tireda mudunsa ya ɗan gaza. Amsa ta biyu, jijiyar da ta gama girma ba ta ƙara rabuwa, don haka ba ta da hanyar zama ƙari. Kuskurenta sai ya fito a rassanta da mahaɗarta da 'yan'uwanta. Ta uku kuwa lokaci: ƙoda tana gama ƙera matatanta kafin haihuwa, amma gaban ƙwaƙwalwa yana ta gyare-gyare, ana sassabe mahaɗar da ba a bukata, har mutum ya wuce shekara 20.

Akwai zumuɗi a wannan fage da ya kamata a yayyafa wa ruwa. Misali DISC1, wadda aka gano a 2000 daga wani babban dangi a Scotland. An nuna tana taɓa hanyar Wnt, wata hanyar isar da saƙo a ƙwayoyin halitta da ke da hannu a wani nau'in medulloblastoma da sankarar hantar yara da wasu ƙarin Wilms. An rubuta ɗaruruwan maƙalu a kanta. Da manyan bincike suka zo, ba ta fito a jerin ba. Akwai ma abin dariya: TCF4, wadda tabbas tana da alaƙa da sikizofireniya, sunanta ya yi karo da wata furotin ta hanyar Wnt da masu sankara ke kira TCF-4, alhali sunanta na gaskiya TCF7L2, kuma an sha cakuɗa su a rubuce. Suna ya zo ɗaya, ba dangin iya ba na baba. Haka RB1CC1, ɗaya daga goman SCHEMA: ta samo suna daga ƙwayar gadon sankarar ido, amma aikinta da aka fi sani share dattin cikin ƙwaya ne.

Babban abin da ke rage zumuɗin shi ne yawa. Masu lalacewar SETD1A ba su wuce kimanin ɗaya cikin dubu na majinyata ba. Mafi yawan haɗarin gado yana warwatse ne a ƙananan bambance-bambance masu ɗimbin yawa. Binciken 2022 da ya haɗa majinyata 76,755 ya gano gurabe 287, kuma inda suka fi nunawa shi ne mahaɗar jijiyoyi, wurin da sankara ba ta da wani sha'ani. Sannan mai sa wasali yana taɓa dubban shafuka, ba abin mamaki ba ne a same shi a ciwo fiye da ɗaya. Kuma kusan duk waɗannan alƙaluma daga Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su. Binciken da aka wallafa a 2020 kan 'yan ƙabilar Xhosa na Afirka ta Kudu, majinyata kimanin 900, yana cikin 'yan kaɗan da suka dubi Afirka, shi ma mahaɗar jijiyoyi ya nuna.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai iya tambaya, wanda ke da mai tabin hankali a gida, 'ya'yansa na cikin haɗarin sankara ke nan? Babu hujjar da ta ce haka. Ko a cikin masu ɓallewar 22q11.2, ƙalilan ne ƙwarai ke samun sankara. Auren zumunci ma, da akan ɗora wa laifin komai, ba shi ne a nan ba: kusan tara cikin goma na masu wannan ɓallewa, sabuwa ce a kansu, iyayensu ba su da ita, kuma karayar KMT2A a cikin ciki take faruwa. A sankarar yara baki ɗaya, ƙasa da ɗaya cikin goma ne ake samun tabbataccen gado. Abin da ke kashe yaranmu masu Wilms da sankarar ido, waɗanda ke cikin na gaba-gaba a asibitocin koyarwa na Arewa, shi ne zuwa a makare da yankewar magani saboda kuɗi. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a yawancin matalauta ba su kai 30 ba.

Inda haɗuwar ta fara biyan kuɗinta shi ne magani. Wasali, ba kamar baƙi ba, ana iya goge shi a sake. Ɗaya daga masu goge alama a gurbin da SETD1A ke ɗora tasa sunansa LSD1, kuma kamfanoni sun daɗe suna haɗa magungunan da ke danne shi saboda sankarar jini. A 2019 Jun Mukai, a ɗakin binciken Gogos, ya ba ɓerayen da ke da rabin SETD1A irin wannan magani bayan sun girma. Tunda mai rubutu ya yi rauni, sai aka riƙe hannun mai gogewa. Rassan jijiyoyinsu suka gyaru, riƙon abu a ka ya dawo. Ɓera dai ɓera ne, ba ya jin muryoyi balle ya ba da labari, amma ganin gyara bayan an gama gini ya girgiza masu cewa bakin alƙalami ya bushe tun a ciki. Daɗin daɗawa, wani tsohon maganin ciwon damuwa na shekarun 1960, tranylcypromine, ashe yana danne LSD1 ba a sani ba. A ɓangaren yara, a Nuwamban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da revumenib, wanda ke raba karyayyen KMT2A da furotin menin da yake jingina da shi, sai ƙwayoyin sankarar su ci gaba da girman da suka ƙi yi.

Akwai kuma wanda ya biyo hanyar a juye. A 2012 masu bincike a Montreal da Memphis suka gano cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarin da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwar yara, wanda wuƙar likita ba ta isa gare shi, shi kansa histon H3 ne ya canza a gurbi na 27, wurin da ake ɗora alamar “a rufe”. A Agustan 2025 aka amince da maganin farko na ƙarin ƙwaƙwalwa mai ɗauke da wannan canji, dordaviprone. Ɗaya daga wuraren da yake kamawa shi ne D2, makarɓar dofamin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, wadda magungunan sikizofireniya ke toshewa tun chlorpromazine da aka fara gwadawa a Paris a 1952. Masu bincike da yawa na ganin ƙarfinsa a kan ƙarin ya fi zuwa ta wata ƙofar, inda yake rikita murhun da ƙwaya ke samun kuzari. A gwajin da aka dogara da shi, majinyata 50 ne, ƙarin ya ragu a kimanin ɗaya cikin biyar.